Kanal Ba Kogo Ba Ne: Martani Kan Sayo wa Masu Nutson Kura Na'urar Maimaita Numfashi

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a kan masu nutso na yankin noman rani na Kura da Bunkure, kuma daga yadda ya zuba maganar na san Malam ya taɓa tsayawa a bakin kanal ranar da ruwa ya ci wani. Ya ce abin takaici ne a ce shekara hamsin da kammala madatsar Tiga, har yau in yaro ya nutse saurayi ne zai tuɓe riga ya faɗa ruwa, ba shi da komai sai numfashin da ya cika ƙirjinsa da shi. A nan babu inda zan saɓa masa. Maganin da ya kawo ne ya raba mu. A ganinsa, kwalbatocin da kanal ke bi ta ƙarƙashin hanya, da bututun da ke fitar da ruwa daga gindin dam, daidai suke da kogon dutse mai cike da ruwa; Turawa kuwa sun riga sun ƙera kayan shiga irin wannan wuri; don haka gwamnatin Kano ko Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta sayo wa 'yan kwana-kwana da gwanayen ruwan ƙauyukanmu na'urar maimaita numfashi, irin wadda ake ratayawa a gefen jiki. Babbar hujjarsa ita ce yaran ƙasar Tailan da aka ceto daga kogo a 2018.

Tsorona shi ne, in aka bi wannan shawara, wata rana za a fito da gawa biyu daga inda ake neman ɗaya.

Na'urar dai ta cancanci yabon da ya yi mata, kuma ya kamata mai karatu ya san yadda take. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin, jiki kuma ɗan kaɗan yake ɗiba ya mayar da sauran waje. Mai nutso da tukunyar iska ta gama-gari, duk numfashin da ya fitar sama yake tafiya a kumfa, ke nan yana zubar da mafi yawan abin da ya sha wahalar ɗaukowa. Ita wannan ba ta zubarwa. Numfashin da ya fita sai ya bi tiyo ya shiga wani gwangwani cike da tsakin sinadari dangin farar ƙasa, wanda ke tsotse gurɓatacciyar iskar kabon. Daga nan ƙwayoyin awo, galibi uku, su duba yawan oksijin da ya rage, a ƙaro kaɗan daga wata ƙaramar tukunya, iskar ta sake komowa bakin mutum. Da 'yan ƙananan tukwane sai ya yi sa'o'i a ƙasan ruwa, babu kumfar da za ta kakkaɓo laka daga rufin kogo ta rufe masa gani. Wadda ake ratayawa ta gefen haƙarƙari kuwa, kamar Liberty ta kamfanin Divesoft ko Sidewinder ta kamfanin KISS, an yi ta ne don bayan mutum ya zama fayau, ya iya kutsa tsagar dutsen da mai goyon tukunya ba zai wuce ba. Dabarar ma ta daɗe. Henry Fleuss ya ƙera irinta a Ingila tun 1878, kuma a 1880 wani mai nutso, Alexander Lambert, ya shiga da ita cikin ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa a ƙarƙashin kogin Severn, bayan ruwa ya cika shi. Da Malam ya kawo wannan misali, da ya fi na Tailan kusa da abin da yake nufi. Sai dai a lura da abin da Lambert ya shiga yi: ƙofar ƙarfe ya je rufewa, domin a samu a zuƙe ruwan a yi aiki a bushe.

Labarin Tailan kuma ba yadda Malam ya ɗauke shi yake ba. Yara 12 da kocinsu sun shiga kogon Tham Luang ranar 23 ga Yuni. Turawan Ingila biyu, Rick Stanton da John Volanthen, suka kai gare su ranar 2 ga Yuli, aka fito da su tsakanin 8 da 10 ga watan. Stanton mutum ne da ya ƙera wa kansa na'urar maimaita numfashi ta gefe shekaru da dama kafin nan, ya san ta ciki da waje. Amma a ranakun jigilar yaran, mafi yawan masu nutson tukwane na gama-gari suka rataya, domin a ruwan da ba a ganin tafin hannu, ga yaro a sume a hannunka, abin da ba shi da tarkace da yawa shi ake so. Abin da ya sa aikin ya yiwu ma tun farko injinan zuƙar ruwa ne, da suka yi kwanaki suna aiki dare da rana har suka fitar da fiye da lita biliyan guda, aka kuma karkatar da ƙoramun da ke kwarara cikin kogon. Ruwan da aka zuƙo ɗin gonakin manoman shinkafa na gangaren dutsen ya malale, shukar da yawansu ta lalace, suka haƙura. Duk da haka sai da Saman Kunan, tsohon sojan ruwa ƙwararre, ya rasa ransa ranar 6 ga Yuli yana kai tukwanen iska. Wanda ya karanta labarin da idon manomin Kadawa, rage ruwa zai fara gani kafin kowace na'ura.

Aibin wannan na'ura yana tattare da ƙwarewarta. Tukunya ta gama-gari in ta ƙare, mutum zai ja ya ji babu, nan take ya san halin da yake ciki. Ita kuwa ba ta daina ba ka abin shaƙa, ko da abin ya daina raya ɗan Adam. In oksijin ya yi ƙasa, babu shaƙewa babu zafi, mutum sumewa kawai yake yi. In ya yi yawa a zurfi, sai jiki ya kama karkarwa irin ta farfaɗiya, abin baki ya suɓuce, ruwa ya shiga. In kuma ba a cusa tsakin gwangwanin daidai ba, ko ya gaji, iskar kabon ta riƙa dawowa, sai haki da ciwon kai da ruɗewa, har mutum ya kasa yin abin da zai cece shi ko da yana gabansa. Ruwa in ya tsiyaya cikin gwangwanin, wani ruwan kanwa mai ƙuna ne zai zo baki. Ta gefen tana da nata ƙarin: jakar da ke karɓar numfashi ba koyaushe take daidai da huhu ba, don haka in mutum ya kifa kai ƙasa ko ya juya kan haƙarƙari, kamar yadda dole zai yi a cikin bututu, jan numfashi yakan yi nauyi. Sannan duk mai amfani da ita wajibi ne ya ɗauki tukunyar gama-gari ta ko-ta-kwana, wadda za ta ishe shi fita in na'urar ta ci amanarsa. To ina sirantakar da aka saye ta dominta?

Wani likitan nutso a Ostareliya, Andrew Fock, ya bi diddigin mutuwar mutum 181 da suka rasu da irin waɗannan na'urori tsakanin 1998 da 2010. A binciken da ya wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa haɗarin mutuwa da su ya kai kusan ninki goma na nutso da tukunya ta gama-gari. Waɗannan mutane ne da suka sayi kayan da kuɗinsu, suka yi kwas, suke nutso don sha'awa, a ranar da suka zaɓa, da hankalinsu kwance.

Mu kuma a wace rana za mu yi amfani da ita? Ƙwayoyin awon nan, ana aiki da su ko ba a yi, ba sa wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsu, ga Kano a watan Afrilu tana haura maki 40. Tsakin sinadarin daga waje ake sayo shi da dala. Tsantsar oksijin a matse ba ta shiri da maiƙo ko kaɗan, ɗigon giris a bakin tukunya yana iya tayar da wuta. Kafin a shiga ruwa akwai dogon bincike: a cusa gwangwani, a gwada ko tiyo na zuƙar iska ko yana yoyo, a daidaita ƙwayoyin awo, mutum ya zauna ya toshe hanci yana numfashi da ita kamar minti biyar yana kallon agogon hannu, don a tabbatar tana aiki. Yanzu a kawo wannan bakin kwalbati da la'asar. Mutum ɗari biyu sun yi cincirindo, uwar yaro tana faɗuwa ana riƙe ta, dattawa suna cewa me ake jira, ga na'urar da ta yi wata takwas a sito an kakkaɓe mata ƙura. Wane ma'aikaci ne zai zauna a kan dakali yana kallon agogo? Zai saɓa ta ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Masu wannan sana'a a duniya shekaru suke yi suna hawa mataki-mataki, daga buɗaɗɗen ruwa zuwa kogo, daga tukunya zuwa na'ura, kuma in suka yi watanni ba su taɓa ta ba sai su koma ruwa marar zurfi su sake sabawa. Kwas ɗin mako biyu ba zai ba mu wannan ba.

A ce ma duk an magance wannan. A ce an samu kuɗi, an samu sito mai sanyi, an samu mutum shida da suka ƙware. Har yanzu maganar Malam ba ta tsaya ba, domin tushenta, wato kwatanta kwalbati da kogo, shi ne kuskuren.

Madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, tana riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga can ruwan ke bin babban kanal ya sauka Ruwan Kanya, ya ci gaba ya rabu reshen gabas da reshen yamma, ya bazu a ƙananan hanyoyi har gonakin Bunkure da Kadawa da Garun Malam da Kura, cikin hekta 22,000 da aka tsara wa kashin farko na aikin. Babu injin da ke tura shi, gangare kawai yake bi. Wannan shi ne albarkar tsarin, shi ya sa manomi ke jefa guntun tiyo a hanyar ruwa ya shayar da shinkafarsa ba tare da ya sayi fetur ba. Shi ne kuma haɗarinsa, domin ruwan nan ba ya tsayawa. Masu shiga kogo da kansu sun raba kogo gida biyu: wanda ruwa ke fitowa daga cikinsa, da wanda ruwa ke shiga. Na farko in ka gaji ruwan zai taimaka ya turo ka waje. Na biyu shi suka fi tsoro, domin shiga da sauƙi, fita kuma sai ka yi kokawa da ruwa. Ƙa'idar da Sheck Exley ya yaɗa a ɗan littafinsa na 1979, ta a kasa iska uku, kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya, su da kansu sun ce ba ta isa a irin wannan kogo ba. Duk kwalbatin da ke yankinmu, in aka tunkare shi ta bakin sama, irin na biyun ne.

Akwai kuma abin da ya fi gudun ruwan muni, wanda makalar ba ta ambata ba ko sau ɗaya. A ce kachala da leda da reshen itace, ko gawar da ake nema, sun toshe bakin bututu mai faɗin santimita 60, ruwan wannan gefe ya ɗara na wancan da mita 2 kacal. Ƙarfin da ke danne toshiyar ya haura kilo 550, nauyin buhun taki goma sha ɗaya. Daga sama ba a ganin komai, ruwan lumui yake, sai wani ɗan juyi da ke tsotse kara a hankali. Mai nutso yana lalube cikin duhu, ya kama abin ya ja, toshiyar ta buɗe, sai shi ya zama sabuwar toshiya. Mutum goma a bakin gaɓa ba za su ɓamɓaro shi ba, na'urar da ke gefensa kuma, da tiyoyinta da igiyoyinta, ƙarin abin sarƙewa ce. Iyakar abin da za ta yi masa ta tsawaita sa'o'in da zai yi a manne yana jira. Ranar 25 ga Fabrairu, 2022, a ƙasar Tirinidad, masu nutso biyar suna gyara a wani bututun mai na kamfanin Paria mai faɗin inci 30, aka cire toshiya, bambancin matsi ya zuƙe su duka cikin bututun a ƙiftawar ido. Christopher Boodram kaɗai ya rarrafo ya fito. Ƙwararru ne, wannan ce sana'arsu.

Abin da muke da shi wanda mai shiga kogo ba shi da shi, shi ne get. Kogon dutse babu wanda ya gina shi, babu mai makullinsa, dole ka shiga ruwan yadda ka same shi. Kanal mutum ne ya zana shi, kowane reshe da ƙofarsa, kowace ƙofa da mai kula da ita. A lokacin gyaran da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an riƙa rufe ruwa ana aiki a busasshen kanal. Manoma sun ji jiki, amma kowa ya gani da idonsa cewa ramin da ke cin mutum, in an rufe get, da ƙafa ake shiga. Me zai sa mu kashe miliyoyi don mu koya wa mutum daɗewa a cikin ruwan da muke da ikon janyewa?

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Rufe ruwa ba wasa ba ne. A watan Fabrairu, tumatir na nuna, motoci na lodi a Kwanar Gafan, alkama na fitar da kai, wanda gonarsa ke ƙarshen layi dama da ƙyar ruwa ke isa gare shi. In aka rufe reshe na yini ɗaya, yana iya yin kwana biyu kafin ya sake ganin ruwa. Kuma rufe get ba ya busar da kanal nan take, sai an yi sa'o'i. Duk gaskiya ne. Amma yawanci ƙaramin reshen da abin ya faru ne za a rufe, babban kanal na ci gaba da tafiya, kuma ba sai ya bushe ƙaf ba, ya isa a ce gudu ya mutu, ruwan gefe biyu ya daidaita. Ban kuma yarda manoman Kura za su kasa abin da manoman Tailan suka yi ba. Mutanen da ke barin gona da rana tsaka su bi gawar wanda ba su sani ba zuwa maƙabarta ba za su ƙi haƙurin sa'a shida ba, in dai an tsara abin tun kafin ranar, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa sun zauna sun amince, kowa ya san ƙa'ida ɗaya ce ga ɗan kowa.

Sa'o'in kuma muna da su, ko da faɗin hakan na da ɗaci. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da minti huɗu zuwa shida. Daga Kano zuwa Kura ya haura kilomita 30, Tiga kuwa kusan 70. Duk mai nutson da za a kira a waya, ya haɗa kaya, ya biyo titin Zariya, gawa zai zo ɗauka. Malam ya haɗa ceto da ɗauko gawa ya yi musu kuɗin goro, alhali hukuncinsu daban. Don mai rai ana iya sayar da rai. Don gawa fa? A 1994 wani saurayi, Deon Dreyer, ya nutse a kogon Boesmansgat na Afirka ta Kudu. Bayan shekara goma, David Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostareliya kuma gwanin na'urar maimaita numfashi, ya ga gawar a zurfin mita 270, ya yi wa iyayen alkawarin ɗauko ta. An yi watanni ana shiri, da tawagar ƙwararru da likita a bakin ramin. Ranar 8 ga Janairu, 2005 ya sauka. Gawar ta taso ba yadda aka zata ba, igiya ta sarƙe, aiki ya yi masa yawa, iskar kabon ta taru, ya mutu a gefenta. Na san nauyin gawa a wurinmu, uwa ba ta samun natsuwa sai an yi wa ɗanta wanka da sutura an kai shi makwancinsa. Amma malamanmu sun sanar da mu cewa wanda ruwa ya ci yana cikin masu samun ladan shahada, kuma ban san mazhabar da ta ce a jefa rayayye cikin halaka don a rage wa matacce sa'o'in jira ba. Ƙugiya da raga da dogon gora, da ruwan da aka sassauta, sun ɗauko mutane da yawa ba tare da an ƙara marayu ba.

In ana son a ceci mai rai, to bakin kanal za a duba, a minti biyun farko. Duk wanda ya san wurin ya san gefen simintin nan: gangare ne mai santsi, daga inda ruwa ke taɓawa zuwa ƙasa gansakuka ta lulluɓe shi. Yaro ya zo ɗiban ruwa, ko ɗan acaɓa yana wanke babur, ko makiyayi yana jan ɗan maraƙin da ya zame, ƙafa ɗaya ta goce. Yana iya ninƙaya sarai, ya kai gefe, ya kai hannu, farce ya karci siminti ya zame, ya sake kaiwa ya zame, ruwa kuma na tafiya da shi wajen kwalbati. Wanda ruwa ya ci, in ji Hausawa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mu ko takobin ba mu ajiye masa ba. Matakalar ƙarfe a jikin siminti bayan kowace 'yar tazara, igiya mai jarkoki a gicciye a saman ruwa kafin kowane kwalbati, raga mai kwance a bakin bututu wadda za ta turo mutum sama maimakon ta manne shi, waɗannan duk aikin maƙera da masu walda ne na cikin Kura, kuɗin na'ura ɗaya da kwas ɗinta zai yi su a wurare da dama. Sai kuma koya wa mutane abin da za su yi in an fito da mutum. Har gobe al'adarmu ita ce a kifa shi, a danna ciki, wai ruwa ya fita, mintocin da suka rage masa su tafi a banza, maimakon a kwantar da shi a hura masa iska a danna ƙirji. Wannan yini ɗaya ya isa a koya wa ɗaliban sakandare da shugabannin manoma.

Mu tuna Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya taso daga Badau a kan dam ɗin Watari, maƙare da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu. Babu na'urar nutson da za ta ceci ko ɗaya daga cikin yaran nan. Rigar ruwa a jikin kowane yaro, da mai hana lodi ya wuce ƙima, su ne za su yi. Haka masu yasar rijiya da ke mutuwa bi da bi, na biyu ya bi na farko, na uku ya bi na biyu, saboda gurɓatacciyar iska ko hayaƙin injin da aka zura ciki. Ɗan ƙaramin ma'aunin iska da ake zurawa da igiya, da injin hura iska, sun fi musu amfani nesa ba kusa ba.

Wuri ɗaya na yarda da Malam cewa ana bukatar mai nutso na gaske, shi ne jikin dam ɗin kansa. Ƙofofin ƙasa da ragar da ke tare shara a Tiga ba a busar da su, kuma dam mai shekara hamsin yana son a riƙa duba shi. Amma ko a nan, masu wannan aiki a duniya ba na'urar kogo suke ɗauka ba. Da farko ƙaramin mutum-mutumi mai kyamara ake zurawa ya gano. In dole sai hannun mutum, to kwalkwali yake sawa mai rufe kai duka, iska na zuwa masa ta tiyo daga sama ba yankewa, yana magana da shugaban aiki ta waya, ga wani mai nutso a shirye a zaune don shi kaɗai, an rufe kowace ƙofa an sa kwaɗo. Ko ya suma, iska na zuwa, kuma ana iya jawo shi. Da irin wannan tsari aka ceto ɗan ƙasarmu Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon 4 da ya kife a gaɓar Neja Delta a watan Mayun 2013, bayan ya yi kusan sa'a 60 a wani ɗan lungu mai iska a zurfin mita 30. Da aka ɗauko shi ma ba a fito da shi sarari kai tsaye ba, sai da ya yi kwanaki a ɗakin rage matsi. Sana'ar nutso a Nijeriya da kayanta irin wannan suna can bakin teku inda ake haƙar mai, mu kuma muna tudun da ya haura mita 400 daga teku, inda lissafin hawowa daga zurfi ma yake canzawa. Aikin Tiga na ɗan lokaci ne a shekara, kwangila ce da za a ba masu sana'ar su zo da kayansu cikakku. Ba na kuma ganin abin da zai hana a tura samarinmu biyu ko uku su koyi sana'ar a can, ta ƙofar da kowa ke bi.

Su kuwa gwanayen ruwan da Malam ya tausaya wa, kuma ya yi daidai, abin da suke bukata ya fi kusa. Masunta ne da 'ya'yan masunta, sun san inda ruwa ke juyi, sun san inda gawa ke maƙalewa, sani ne da babu kwas ɗin da ke bayarwa. A rubuta sunayensu ƙauye-ƙauye ta hannun sarakunan ruwa da masu unguwanni. A ware musu alawus, kada a bar su da abin da dangin mamaci suka iya miƙawa. A ba su rigar ruwa, da igiyar jefawa, da ɗamara mai kuncewa da ja ɗaya, domin igiyar da aka ƙulle a ƙugu a ruwa mai gudu ƙasa take danna mutum. A riƙa duba su ana ba su maganin tsargiya, wadda ta daɗe da zama 'yar gida a wannan yanki. Mafi muhimmanci, a ba su ikon cewa a'a, da takardar hukuma a bayansu, ta yadda in gwani ya ce ba zai shiga ba sai an rufe get, babu mai kiransa matsoraci.

In Malam zai sake ɗaukar alƙalami, ina roƙonsa ya tura wa hukumar tambaya biyu: kwalbati nawa ne tsakanin Ruwan Kanya da Kura ke da raga da matakala, kuma wace lamba manomi zai kira da ƙarfe biyun dare a rufe masa get. In ya rubuta wannan takarda, zan sa hannu a ƙasan nasa.